Jar Mota a Siton Gero

Kilam biyu na ɗaure bututu. Gam ɗin salansa guda, irin wanda ake matsawa kamar man goge baki. Samfefa falle uku. Burushin ƙarfe. Goro biyar na Nababa. Maganin hawan jinin Inna, rabin kati.

Abin da ke cikin ledar da na rungume ke nan a bayan acaɓa, tsakanin Makoda da garinmu. Fasinja uku muka matsu, ni ne na ƙarshe, rabin mazaunina a kan ƙarfen kaya. Duk gangaren da muka zo, mai babur sai ya kashe inji, mu silale shiru kamar ɓarayi. Tun da fetur ya tashi haka suke yi.

"Injiniya," in ji shi, bai waiwayo ba, "yau kuma me aka sayo a birni? Ko jirgin saman ne za a fara haɗa mana?"

Sauran biyun suka yi dariya. Na ƙara rungume ledata.

Sunana Khalilu. Shekara biyar na yi a Indiya ina karatun injina. Na dawo da takarda, na sa ta a leda, na sa ledar a ƙasan akwatin Inna. Shekara biyu ke nan tana can. A gari Injiniya ake kirana, kuma duk mai faɗa da shaƙiyanci yake faɗa, in ban da mutum ɗaya.

Tsakiyar damina ce. Gero ya rufe hanya hagu da dama, kore shar, ya fi mutum tsawo, amma babu abin ci a jikinsa tukuna. Rumbuna sun ƙare tun kafin shuka. Gidaje da yawa tafasa ake dafawa da ɗan ƙuli, a ci sau ɗaya a wuni.

Mutum ɗayan nan shi ne Nababa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Ya haura sittin, siriri, kumatunsa na hagu duk tabon ƙuna. Shi ke gyaran injin niƙa da injin ban ruwa da babura a garinmu. In salansa ta fashe, gwangwanin madara yake tsagawa ya naɗa, ya ɗaure da waya, ya shafe bakin da toka da sabulu. Kuma ba da ido yake neman wurin da take fitar da iska ba. Sai ya jiƙa kumatunsa da ruwa, a tayar da inji, ya bi bututun da fuska har ya ji inda ake hura masa. Tabon daga nan yake.

Kwana uku kafin tafiyar nan ya leƙo ta kan katanga.

"Injiniya, ka taɓa ganin motar da ba ta da kujerar baya?"

"Na gani, Baba."

"Amfaninta fa?"

"Gudu."

"Zuwa ina?"

Ya sauke murya ya ba ni labari. Motar Abdussalam ce, ɗan Alhaji Muhammadu Sani dillalin hatsi. A makon da aka fasa shaguna a birni aka kawo ta a bayan babbar mota, lulluɓe da tamfol, aka tura ta cikin siton Alhaji da ke bakin hanyar kasuwa. Yanzu an sami mai saye, zai zo daga Abuja, ita kuma in an tayar da ita sai ta riƙa ruri kamar tarakta. Makanikan birni surutu gare su. Nababa ba shi da surutu.

"Alhaji ya ce ban da gwangwani, kayan kanti yake so. Ni kuma rubutun jikinsu ba na ganewa. Ka je ka zaɓo mana." Ya dubi ƙofar gidansa. "Rabin buhun gero zai ba ni, Khalilu. Zai kai mu sabon hatsi."

Baki shida ne a gidansa. Ta kan katangar nan nake jin lokacin da matarsa Luba ke ɗora tukunya, da lokacin da ba ta ɗora ba. Na ce zan je.

Da hantsi ya ɗaga mai babur ya sauke ni a ƙofar siton. Dogon gini ne na bulo, rufin kwano, babu taga ko ɗaya. Babbar ƙofar ƙarfe mai ɓari biyu, a jikinta kuma an yanka ƙarama wadda mutum ɗaya ke shiga a sunkuye. Maigadin, Ɗan'auta, yana zaune a gindi. Tsoho ne mai furfura, sunan yarinta ya bi shi har nan. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sannan ya buɗe min ƙaramar.

Na ɗauka motar zan fara gani. Buhuna na fara gani. Gero da dawa, an jera su har kwano, layi bayan layi, sai siririyar hanya a tsakiya. Warin hatsin da ya daɗe a rufe da fitsarin ɓera. Jiya da safe na ga Inna tana auna gari da gwangwanin madara, ta mayar da kaɗan daga abin da ta auna.

Motar tana tsakiya, ja, faffaɗa, cikinta kusa da ƙasa kamar kwaɗo. Nababa ya ɗaga ta da jak ya tokare da gungumen itace. Ƙafafunsa kawai ake gani, da hasken tocila.

"Ka zo? Shigo ka ga aikin 'yan birni."

Na kwanta a kan buhun da ya shimfiɗa. Abin a fili yake. An yanke tukunyar da ke tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, an sayar, an cusa guntun bututu a gurbinta. Mahaɗa biyu, gaba da baya, duk sun yi baƙi da kunkunniya.

"Ko dai yaron ne ya sayar da kansa, ko an yi masa wayo," in ji Nababa. "Ba ruwanmu. Ina goron?"

Na ba shi. Ya ɓare ɗaya, ya miƙo min gam ɗin. "Karanto."

Na karanta, ina juyawa da Hausa. A kankare tsatsa. A jiƙa wurin. A shafa da kauri, a ɗaure da kilam. A tayar da inji a bar shi yana aiki a hankali, ba a taka totur ba, minti ashirin, zafi ne ke gasa gam ɗin ya zama dutse.

"To ai toka da sabulu ne aka sa wa riga."

"Akwai saura. Sun ce kada a yi a rufaffen wuri. Hayaƙin yana kisa."

"Kowane hayaƙi ai haka ake cewa."

"Wannan daban ne, Baba. An cire abin da ke tace shi. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Barci kawai yake sa mutum."

Ya yi dariya har da tari. "Shekara talatin ina cikin ɗakin injin niƙa. Hayaƙi baƙi ƙirin, in na fyace hanci kamar tawada. Ga ni. Sai wannan 'yar gayu da ko hayaƙin kirki ba ta da shi?" Ya nuna buhunan da sifana. "In ma da gaske ne, ya taimaki Alhaji da ƙwarin hatsinsa. Ai da hayaƙi iyayenmu ke korar ƙwaro a rumbu."

Na fita wurin Ɗan'auta na ce ya buɗe babbar ƙofa, ɓari biyu.

"A'a, Injiniya."

"Na minti ashirin."

"Ko na ƙiftawar ido. Ka san abin da ke ciki, ka san halin da gari ke ciki. Alhaji ya ce in ido ɗaya ya gani, in nemi wani aikin. A shekaruna wa zai ɗauke ni?"

"To ƙaramar. A bar ta a buɗe. Kada a rufe ta ko me ya faru."

"Wannan mai sauƙi ce."

Muka yi aiki. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin sa'ar nan. Shekara biyu hannuna bai taɓa sifana don wani dalili ba. Ni na kankare, shi ya shafa, da yatsa, a hankali kamar mai shafa wa jariri man kaɗanya. Muka ɗaure mahaɗar gaba. Ya ce a gasa wannan tukuna, ya ji ko ta kama, sannan a koma ta baya.

Motar ba ta da makulli irin wanda ya sani, maɓalli ake dannawa. Ni na shiga na tayar. Rurin ya cika siton, ƙura ta zubo daga kwano. Nababa ya jiƙa kumatunsa daga buta, ya koma ƙasa.

Sai ga Ɗan'auta ya sunkuyo ta ƙaramar ƙofa, waya a hannu, an buɗe murya. Abdussalam ne. Ajinmu ɗaya a firamare, kafin a mayar da shi birni.

"Na ji an tayar. Waye a cikin motar?"

"Injiniya ne, ranka ya daɗe. Khalilu na gidan Kaltume."

"Wane Khalilu? To ko waye, ka ce ya shimfiɗa leda kafin ya zauna. Kujerar fata ce. Kuma kada ya taɓa komai."

Na fito daga motar. Na bar ta a kunne, don gam ɗin na bukata. Na durƙusa na ce, "Baba, zan kai wa Inna maganinta. Ka fito ka jira a waje. In minti ashirin ta cika, jan maɓallin nan za ka danna."

"Je ka. Bari in ji bayan nan kaɗan."

"Ka fito, Baba."

"Na ji, Injiniya. Gai da Kaltume."

Maganin Inna zai iya jiran minti ashirin. Tun jiya ya ƙare, bai kashe ta ba. Gaskiyar magana ita ce na gaji da ganin buhunan, na gaji da jar motar, na gaji da kaina a tsakaninsu. Na faɗi abin da ya kamata in faɗa, sau biyu. Na ɗauki leda na fita.

A hanya na yi kiciɓis da mata biyar ko shida, sun taso daga ƙwadagon cirar ciyawa, kowace da ɗaurin tafasa a ka. Sun ji rurin, sun rage tafiya, suna miƙa wuya wajen siton. Na wuce su. Ban yi nisa ba na ji ƙarar ta ragu, ta koma gurnani can ƙasa. Na ce a raina, gam ya kama. Har na ɗan ji alfahari.

A gida na ba Inna maganinta. Luba ta yi magana ta kan katanga.

"Khalilu, ina ka baro Malam?"

"Yana tafe, Gwaggo."

"An ba shi geron?"

"Sai an gama."

"To Allah ya sa a gama yau. Na riga na jiƙa tsamiya."

Na ɗan kishingiɗa. Aka kira azahar, na yi alwala na tafi. Sai da aka sallame na duba sahu. Nababa a bayan liman yake tsayawa kullum, wajen dama. Babu shi. A sahu na biyu kuwa ga Ɗan'auta yana jan carbi, makullin sito a rataye a wuyansa.

Na kama rigarsa tun bai shafa addu'a ba.

"Ƙofar fa?"

"Mata ne suka tsaya suna leƙe. Na tura ta, na ce in sun wuce zan buɗe. Sai aka kira salla."

"Ka sa kwaɗo?"

"To in bar sito babu kwaɗo?"

Na yi gudu. Shi ma ya yi irin nasa. Da na isa, motar tana gurnani a ciki, lafiya lau, ko tangarɗa babu. Na jira tsoho ya ƙaraso, na jira ya sami ramin makulli. Na ja numfashi na riƙe, na shiga, na danna maɓallin, na kamo ƙafafun nan biyu na ja.

Ba shi da nauyi. Tocilar tana hannunsa a kunne. Goron yana bakinsa.

Na fito da shi rana, na danna ƙirjinsa yadda aka koya mana a makaranta, na hura masa iska. Ina cikin yi na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Ɗan'auta ne ke mayar da kwaɗo. Sai da ya ja shi ya tabbatar ya kama, sannan ya ɗaga murya ya yi salati, mutane suka taho.

Da aka taru, abin da aka gani shi ne dattijo kwance a ƙofar sito. Wani ya ce hawan jini. Wani ya ce yunwa, aka yi masa tsawa. Leɓɓan Nababa sun yi ja, tafin hannunsa ma haka, fuskarsa ta saki kamar mai barcin ƙoshi. Haka wannan iskar take barin mutum, na gani a littafi. Liman ya duba ya ce, "Ku ga annuri. Allah ya sa mu cika da irin wannan." Aka amsa da amin.

Na ce, "Hayaƙin mota ne."

"Wace mota?" in ji wani.

Na dubi Ɗan'auta. Ya dubi ƙasa. Matan nan na ɗazu suna gefe, su ma ƙasa suke kallo. Rabin mutanen da ke wurin gonar Alhaji suke yi wa ƙwadago, sauran kuma suna fatan a ɗauke su. Liman ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ajali ba ya bukatar dalili. Kafin la'asar an kai shi.

Washegari Alhaji Muhammadu Sani ya zo gaisuwa. A tsohuwar mota ya zo, da riga mara aiki. Ya zauna a tabarma kamar kowa, ya yi addu'a mai tsawo. Bayansa aka shigo da buhun gero, cikakke, aka wuce da shi cikin gida a gaban jama'a.

"Rabi aka yi da shi, ya ba da cikakke," wani ya raɗa a kusa da ni. Ashe har yarjejeniyar an sani.

"Allah ya ƙara buɗi, Alhaji."

Da zai tafi ya yafuto ni gindin darbejiya. Mutum ne mai taushin murya. Ya tambayi jikin Inna da sunanta.

"Malam Khalilu, abin da ya faru ya faru. Na yi wa Ɗan'auta faɗa. Amma ka san tsufa." Ya gyara hula. "An ce saura mahaɗa ɗaya."

"Saura ɗaya."

"Mai sayen zai zo Lahadi. Kai ka san kan abin, kuma ka riga ka ga wurin. Abin da na ba gidan mamaci, kai ma shi zan ba ka."

Ya ƙara matsowa kusa.

"Sannan akwai wata magana. Da safen nan Ɗan'auta ya share siton. Ɓeraye goma sha tara, matattu. Har da gafiya. Shekara nawa ina sayen magani, ban taɓa ganin haka ba." Ya dube ni da fara'a, irin ta mai yi maka alheri. "Ina da sito a Kunci, ina da biyu a Ungogo. Maganin feshi ya yi tsada. In mai ilimi ya tsara abin, da janareta ma ai za a iya, ko? A rufe, babu kowa a ciki. Ka ga ka sami aikin yi. Karatun nan bai kamata ya zauna a akwati ba."

Na lura ƙasan babbar rigarsa ya kwaso ƙaya a tabarmar makoki. Ita na tsaya kallo har ya gama.

"Ka yi tunani. Zan turo Ɗan'auta."

Ranar sadakar uku, Juma'a ce, na shiga wurin Luba. Tana ɗaki, a bayan labule, cikin takaba. A tsakar gida mata na daka, turmi biyu. Rabon da in ji turmi biyu a gidan nan tun bara. Jikokin suna zaune a gefe, kowane da dunƙulen gumba a hannu, suna ci ba magana.

Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe ta. Sannan na faɗa mata komai, a jere, yadda ya faru. Motar, gam ɗin, ƙofar, kwaɗon. Na faɗa mata cewa ni na tayar da injin, ni kaɗai na san abin da zai iya yi, kuma na tafi na bar shi saboda wani ya ce in shimfiɗa leda.



"Matar Ɗan'auta ta faɗa min tun daren farko," in ji ta. "Ban da zancen leda."

"Za a iya kai ƙara, Gwaggo. Zan tsaya shaida."

"A kai wa? Ɗan'auta za su kama. Shi ma baki bakwai ne a gidansa." Labulen ya motsa kaɗan. "Ya sha wuya?"

"A'a. Barci ne."

"To." Ta ja numfashi. "Ka ce masa ya fito?"

"Sau biyu."

"Ai ba ya ji. In ya sa fuskar nan a jikin ƙarfe, ko gobara ake ba ya ji. Shekara arba'in ina fama." Muryarta ba ta karye ba. "Ya ce kai ne kaɗai a garin nan ka san abin da yake yi aiki ne. Akwatin kayansa yana shago. Ka ɗauka, kada su yi tsatsa. Ungo."

Hannu ya fito ta gefen labule da ƙaramin kwano. Gumba ce, fara tas, babu ƙwaro ko ɗaya. Na karɓa, don ba a mayar da sadaka. Na kai wa Inna.

Inna ta gutsura ta ci. Ta ji maganar Alhaji, kamar yadda kowa ya ji.

"Buhu guda, Khalilu."

"Na sani."

"Ban ce ka yi ba. Ban ce kada ka yi ba. Faɗa maka kawai na yi, buhu guda ne." Ta tura min kwanon. Na ce na ƙoshi. Ta san ban ci komai ba tun safe, ta rufe kwanon ta ajiye.

Bayan la'asar na shiga shagon Nababa. Ɗan ɗaki ne a jikin zaurensa, ƙofar langa-langa, ba ta da sakata sai waya. Gwangwanayen madara a tsage, an jera su bisa girma. Tukunyar toka. Guntun sabulu da shatin yatsunsa a jiki. An dawo da akwatinsa daga sito, an ajiye a tsakiya. Na buɗe. Kilam na biyu yana sama, da ragowar gam, an matse bakinsa an naɗe da kyau. Goro huɗu a cikin ganye.

Ina tsugune aka yi sallama. Ɗan'auta ne. Ya rame a kwana uku, ko kuwa da ban taɓa dubansa ba ne. Bai shigo ba. Ya tsaya a waje, makullin a wuyansa.

"Alhaji ya ce in ji amsa."

"Kana barci, Baba Ɗan'auta?"

"Ina zan same shi." Ya shafa fuska. "Na ce in sun wuce zan buɗe. Wallahi haka na ce."

"Na sani."

"To me zan gaya masa?"

Na ɗauki kilam ɗin na juya shi a hannu. Aikin minti arba'in ne, har da gashi.

"Ka ce maganar ɓeraye ya nemi wani. Motar kuwa zan gyara. Gobe da hantsi. Amma a waje, a gindin tsamiyar da ke bakin hanya. Za a buɗe babbar ƙofa, ɓari biyu, a turo ta, kuma ƙofar za ta zauna a buɗe har in gama."

"Gobe Asabar."

"Haka ne."

"Kasuwa ke ci. Duk garin nan da ƙauyuka ta nan za su bi."

"Na sani."

"Ba zai yarda ba, Injiniya."

"To ya nemo mai shiga ƙarƙashinta a rufe. Ya tambaya a gari, ya gani ko akwai wanda bai san abin da ya kashe Nababa ba. Mai saye kuma Lahadi zai zo."

Ya tsaya yana kallon akwatin. Daga cikin gida turmin nan biyu suna ta amsa wa juna.

"In an buɗe, ni za a ce na buɗe."

"Ni zan buɗe. Kai makulli kawai za ka ba ni, a gaban mutane, ka ce Alhaji ne ya ce."

Ya juya a hankali ya kama hanyar sito, hannunsa ɗaya riƙe da makullin a ƙirji. Na mayar da kilam ɗin, na ɗauki akwatin na fito. Na jawo ƙofar langa-langar, na naɗa wayar a ƙusa sau uku yadda yake yi.

Inna tana tsaye a bakin zaurenmu.

"Me ka ce masa?"

"A buɗe ƙofar, ko a bar motar ta ruɓe a ciki."